Dayoftes "na Tsumeb" ba takarda: in saya ko in haƙura?

Dan_Tudunwada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sani. Wasunku sun san ina ɗan tara duwatsun ma'adinin jan ƙarfe, na ajiya, ba na sayarwa ba. Abin da nake da shi bai taka kara ya karya ba: malakait biyu na Kwango, ƙaramin azurait na Maroko, da wani kalkofairait da aka kawo mini daga wajen Wase. To yanzu wani dillali ya kawo mini dayoftes, wani koren ma'adinin jan ƙarfe. Girmansa bai cika tafin hannu ba, ƙwayoyin kiristal kore shar a zaune kan farin dutse, babbar cikinsu ta kusa santimita ɗaya, kuma tsininta bai karye ba. Ya ce daga mahaƙar Tsumeb ta ƙasar Namibiya yake, ya sa masa kuɗin da ya fi albashina na wata. Matsalar ita ce babu takarda tare da shi, ko guntun kati. Bakinsa kawai. Dutse mai kyau irin wannan, in babu takardar asali, ya cancanci a biya shi kuɗin Tsumeb? Kuma ta yaya zan gane ba a yi masa wani aiki ba?

Bazazzagi_77:
Wa'alaikumus salam. A yi mini uzuri, ni baƙo ne a wannan harka. In ka saya me za ka yi da shi? Zobe ake yi ko sarƙa?

Dan_Tudunwada:
Ba a yin komai da shi, ɗan'uwa. Yadda ya fito daga ƙasa haka ake ajiye shi, ana kallo, ana nazari. Ranar da aka yanka shi ko aka goge shi, ya tashi daga abin da muke nema.

Malamin_Duwatsu:
Dan_Tudunwada, tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya.

Ta farko, ko dayoftes ne na gaske. Wannan ba ta da wuya, don ba a cika yin jabunsa ba. Ka dubi siffar ƙwayar: gajera ce mai gefe shida, a samanta fuskoki uku sun haɗu sun yi tsini. Taurinsa 5 ne a ma'aunin Mohs, emeral kuwa 7.5 zuwa 8. Da aka fara samunsa a Altyn-Tyube ta Kazakistan a ƙarshen ƙarni na 18, an ɗauka emeral ne, sai taurin ya tona asiri, kuma Bafaranshen nan René Just Haüy ya ba shi suna a 1797. Amma kada ka ce za ka karce shi da wuƙa don gwaji. Yana da saurin tsagewa.

Ta biyu ce mai nauyi. An rufe mahaƙar Tsumeb tun 1996, ruwa ya cika ramukan ƙasa. Ke nan duk wani dutse mai kyau da ke yawo da sunan Tsumeb tsohon kaya ne, ya daɗe yana bin hannun masu tara duwatsu, kuma su mutanen nan ba sa rabuwa da kati. A ce dutse ya yi shekaru masu yawa yana sauya hannu ko kati ɗaya bai biyo shi ba, abin a tsaya a duba ne. A ɗaya gefen kuma, dayoftes yana fitowa daga Mindouli da Renéville a Kwango ta Barazabil, da yankin Kaokoveld a arewa maso yammacin Namibiya, da yankin Katanga a Kwango ta Kinshasa. Na Kazakistan ma a kan farin kalsait yake zama, irin yadda ka kwatanta. Ni shawarata, ka taya shi a matsayin dayoftes mai kyau wanda ba a san asalinsa ba. In ya yarda, madalla. Kuɗin suna kuwa kada ka biya sai da hujja.

Mai_Awo_SabonGari:
Malam, ranka ya daɗe, ban ƙi taka ba, amma takarda ai kowa na iya rubutawa. Duk mai kwamfuta a bakin titi zai buga maka kati, ka jiƙa shi da ruwan shayi ya yi kamar tsoho. Mu a harkar ma'adinai abin da muka sani shi ne sikeli da sakamakon gwaji. Kalkofairait tsantsa kusan kashi 35 cikin 100 jan ƙarfe ne, malakait kashi 57. Wannan ba ya ƙarya. In dutse ya yi maka kyau a ido, kuma kana da halin saya, me ya haɗa ka da sunan ramin da ya fito?

Malamin_Duwatsu:
Alhaji, gaskiya ne ana yin katin jabu, ban musa ba. Amma katin da nake nufi ba takarda ɗaya ce tilo ba. Za ka ga sunan wanda ya taɓa mallakar dutsen, da lamba, kuma in ka juya dutsen ka tarar da wannan lambar a manne a ƙasansa. Wani lokaci kati uku ko huɗu ne na mutane daban-daban, kowanne da rubutun hannunsa. Irin wannan ana iya bin sawunsa. Sannan dutsen kansa yana ba da shaida, don abokan zamansa sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Na Kaokoveld, misali, sau da yawa yana zuwa da wani shuɗin ma'adini a jikinsa.

Batun sikeli kuma, a nan ne kasuwarku da tasu suka rabu. Jan ƙarfen da ke cikin dutsen Dan_Tudunwada gram kaɗan ne. Abin da ake biya shi ne ƙwayar da ta girma a cikin wani ɗan kogo ba abin da ya taɓa ta, aka fasa dutse da nakiya, aka fito da ita daga ƙarƙashin ƙasa, tsininta bai ko gutsure ba. Tsumeb kuma ta yi suna ne don an samu ma'adinai iri sama da 200 a rami ɗaya, da dama a can aka fara ganinsu a duniya, kuma ba za a sake samun sabo ba.

Dan_Ririwai:
Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Muna ta maganar Namibiya, namu na gida kuwa ana ta farfasa su kullum. A Doguwa na tashi, na san tsaunukan Ririwai. Kuza da zinki ne suka fi yawa a can, amma akwai kalkofairait a cikin jijiyar dutsen. Na taɓa tsayawa a kan wani mai haƙa ya buɗe wani ɗan rami a jikin dutse, ciki fararen ƙwayoyi masu tsini a jere, a tsakaninsu wasu rawaya masu sheƙi, fuskokinsu sumul. Kafin in buɗe baki ya ɗaga guduma ya sauke. Ban ga laifinsa ba, da buhu ake biyansa, kuma dutse mai tsini yana yaga buhu. Na zauna na yi masa bayani, na ce in ya sake ganin irinsa ya bi gefe da kurfi a hankali, ya bar masa uwar dutsen a jiki, ya naɗe a tsumma, zan biya shi fiye da abin da zai samu a awo. Yanzu in ya samu yana kirana. Kuma kowanne na rubuta masa wuri da shekara a kati. Wannan takardar ba wanda zai ce mini jabu ce, don a gabana aka yi.

Dan_Tudunwada:
Allah ya saka da alheri, Dan_Ririwai. Wannan ya kawo ni ga abin da na daɗe ina son tambaya. Malam, me ya sa ba ma ganin azurait da malakait masu manyan ƙwayoyi a Najeriya kamar na Maroko da Kwango?

Malamin_Duwatsu:
Su koraye da shuɗɗan nan ba a can ƙasa suke fara samuwa ba. Asalin ma'adinin irin su kalkofairait ne, jan ƙarfe haɗe da ƙarfe da farar wuta. Ruwan sama mai ɗauke da iska yana tsiyaya ta tsagogin dutse, ya narkar da jan ƙarfen a hankali, ya gangara da shi. In ya tarar da dutse mai sinadarin kabonet, irin farar ƙasa ko dolomait, sai ya zauna ya zama malakait ko azurait. In kuma akwai kogo, ƙwayoyin su samu sararin girma. Tsumeb a cikin dolomait take, haka ma yawancin mahaƙun Katanga. Ga jan ƙarfe mai yawa, ga dutsen da ya dace.

Mu nan Zariya a kan tsohon dutse muke, irin wanda kake gani a Kufena, ba shi da wannan haɗin. Inda muke samun kalkofairait, kamar Ririwai, da Zurak a ƙaramar hukumar Wase, da Enyigba da Ishiagu a jihar Ebonyi, raka wasu yake yi: kwalli (dutsen darma) ko kuza, da zinki, su ne manya, shi ɗan rakiya. Za ka iya ganin koren tabo a jikin dutse, amma manyan ƙwayoyi da wuya. Duk da haka kada a raina ƙasar nan. A 2001 aka samu tomalin mai ɗauke da jan ƙarfe a kudu maso yammacin Najeriya, irin wanda aka fara sani a jihar Paraíba ta Burazil, kuma jan ƙarfen ne ke ba shi wannan shuɗin mai haske.

Malama_Kimiyya:
Tunda ana maganar shuɗi, bari in ja hankalinku. Akwai wani dutse da ake tallatawa a Facebook, shuɗi mai haske sosai, manyan ƙwayoyi masu sheƙi a kan ɗan baƙin dutse, a kira shi kalkantait. Mafi yawansu shuka su aka yi. Gishirin jan ƙarfe ne da muke da shi a ɗakin gwaji na sakandare. Da ɗalibaina muna yi: a narka shi a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, a saka ɗan dutse a ciki, a ajiye a inuwa, ƙwayoyi su tsiro. Alamarsa, in ka ɗiga masa ruwa narkewa yake, ruwan ya yi shuɗi. Azurait ba ya haka. Kuma a hunturun Zariya ba ya ƙarko, bushewar iska tana zuƙe ruwan jikinsa, sai ya fara yin farin gari. Guba ne kuma, mai yara a gida ya nisance shi.

Makerin_Kofar_Doka:
Ni maƙeri ne, jan ƙarfe na san shi a hannu. In ya dushe, lemon tsami da toka muke sa masa, ko ruwan tsamiya, ya dawo ja wur. Dan_Tudunwada, in duwatsun naka sun yi dauɗa ka gwada.

Malama_Kimiyya:
A'a Baba, don Allah kada ya gwada! Wannan daidai ne ga ƙarfen da aka ƙera, amma malakait da azurait kabonet ne, tsami cinye su yake. Farin kalsait ɗin da dayoftes ɗin ke zaune a kai ma haka. Sheƙin fuskar zai tafi, kuma ba ya dawowa. Ruwan batir ya fi muni.

Makerin_Kofar_Doka:
To, na ƙaru, Malama. Da me ake wankewa ke nan?

Malama_Kimiyya:
Mafi yawa ba a wankewa. A hure ƙura da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo. In ya zama dole, ruwa mai tsabta mai sanyi, a bar shi ya bushe a inuwa. Kada a naɗe mai tsini da auduga, zarenta yana maƙalewa ya ɓalle ƙananan ƙwayoyi. Kabad mai gilashi da ke rufuwa sosai shi ne maganin ƙurar hunturu. Azurait ba ya son zafi, kada a bar shi a mota da rana, kufrait kuma, shi ma ma'adinin jan ƙarfe ne, haske yana sa fuskarsa ta yi duhu, a akwati ya fi.

Hajiyar_Gyallesu:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. A wannan halin da ake ciki, mutum ya ɗauki fiye da albashin wata ya sayi dutsen da ba a ci, ba a sawa, ba ya haihuwa? Ɗana, kana da iyali? Ka duba maƙwabtanka tukuna. Ni ina jin tsoron kada ya zama almubazzaranci.

Dan_Tudunwada:
Hajiya, na gode, kuma maganarki ta shige ni. Ina da iyali, kuma ba daga kuɗin cefane zan cire ba, ɗan abin da nake warewa ne a hankali. A garin nan wani tattabaru yake kiwo, wani doki yake ɗaure da shi shekara guda saboda hawan sallah. Ni wannan ne nawa. In na sa madubi a kan ƙwaya ɗaya na ga yadda fuskokinta suka daidaita, ba hannun mutum, tasbihi nake yi. Amma tsadar ce ta sa na kawo maganar nan.

Hajiyar_Gyallesu:
To Allah ya sa albarka. Ni dai in ya fi ƙarfin aljihu a bari.

Ummu_Hanan:
Ni na ji an ce malakait yana maganin ciwon gaɓoɓi, wai a jiƙa shi a ruwa a sha. Wata ta tallata mini a WhatsApp. Gaskiya ne?

Nas_Shika:
Ummu_Hanan, don girman Allah kada ki sha, kada ki ba kowa. Ma'adinin jan ƙarfe ne, in ya shiga ciki yana sa amai da murɗawar ciki, mai yawa yana taɓa hanta. Garinsa ma ba a so a shaƙa, shi ya sa masu sassaƙa shi suke yi da ruwa.

Kuma tunda Malam ya ce namu na gida tare da kwalli yake fitowa, ina roƙon masu tarawa su tuna da Zamfara. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara aƙalla 400 suka rasu saboda gubar darma. Dutsen zinare mai darma ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙawa, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutse ɗaya a cikin kabad ba zai yi wannan ɓarnar ba, amma kada a fasa ko a goge dutse a tsakar gida, kada a bar yaro ya sa a baki, a wanke hannu bayan an taɓa. Dan_Ririwai, kai da kake karɓar kaya kai tsaye daga rami, kai na fi nufi.

Dan_Ririwai:
Na ji, Anti. A shago nake buɗe su, ba sa shiga cikin gida sai a rufe.

Mai_Son_Tarihi:
Wani ya ce mini a waje wai wannan sha'awar ta Turawa ce, ba ruwan Bahaushe da jan ƙarfe. Ajiye dutse a kabad wataƙila sabon abu ne, amma jan ƙarfe tsohon abokin cinikinmu ne. A 1353 Ibn Battuta ya sauka a Takedda, wadda masana da dama suke dangantawa da Azelik a ƙasar Nijar ta yau. Ya ga ana haƙo jan ƙarfe a wajen gari, ana narka shi a gidaje, ana yin sanduna masu kauri da sirara. Masu kaurin 400 ne a bakin miskali ɗaya na zinariya, siraran 600 ko 700, kuma da su ake cefane. Ya ce ana kai shi har Gobir da Barno. Ni da zan samu ɗan guntun dutse daga Azelik da sahihin bayanin inda aka tsince shi, ko ba shi da sheƙi, da na fi son shi a kan na Namibiya.

Bazazzagi_77:
Ikon Allah. Ban taɓa jin wannan ba.

Bako_a_Lubumbashi:
Ni ɗan Sabon Gari ne, amma ina zaune a Lubumbashi, a yankin Katanga, ina ɗan kasuwanci. Bari in faɗi abin da ido ya gani, don maganar Alhaji Mai_Awo tana da ƙamshin gaskiya. A nan malakait ba abin mamaki ba ne. Ana sassaƙa shi a yi ƙwai, a yi akwati, a yi carbi. Masu kawo ɗanye daga wajen Kolwezi da Likasi kuwa, in ka tambayi ramin da ya fito, da wuya su faɗa maka gaskiya. Wani yana ɓoyewa don kada a bi sawunsa, wani kuma ya san sunan da baƙi suke so, shi zai ambata. Ke nan ƙarya tana iya shiga tun daga hannun farko, kuma katin da za a rubuta daga baya ita zai ɗauka. Mai gaskiya "Katanga" kawai yake rubutawa ya tsaya nan.

Abu na biyu, akwai malakait mai laushin fuska, siraran allurai ne a tsaye cunkus, in ka juya shi a haske yana sauya launi daga kore mai duhu zuwa mai haske. In ka ɗora yatsa sau ɗaya, shatin ya zauna ke nan har abada. Na ga an zuba irinsa a buhu ɗaya da sauran duwatsu, kafin a iso gari ya zama gari. Masu haƙar nan suna shiga ramuka masu zurfi da hannu da tocila, rami yana ruftawa da mutane, kuma abin da ake ba su bai kai komai ba in aka kwatanta da kuɗin da dutsen zai yi a Turai.

Na jabu kuma da ake kawowa kasuwanninmu, roba ce. Ba ta da nauyi, ba ta da sanyi a hannu, kuma layukanta baƙi ƙirin ne da kore. Na gaske yana da nauyi sosai, layukansa kore ne mai duhu da kore mai haske.

Injiniya_Kwangila:
Na yi karatu a Houghton, jihar Michigan ta Amurka, a yankin Keweenaw inda jan ƙarfe ke fitowa tsantsa a cikin dutse, ba sai an narka ba. A gidan adana ma'adinai na A. E. Seaman da ke jami'ar za ka ga jan ƙarfe ya yi rassa, wani da azurfa manne a jikinsa. Abin da na lura, kowane dutse da sunan mahaƙarsa: Quincy, Calumet da Hecla, da sauransu. Mahaƙun sun daɗe da rufewa, katin ne kawai ya rage yana faɗin inda abin ya fito. A bikin baje kolin duwatsu na Tucson ta Amurka da ake yi a farkon kowace shekara ma, dutse biyu masu kama ɗaya, mai cikakken bayani ya fi kuɗi nesa ba kusa ba. Don haka ina bayan Malam. Mai irin wannan jan ƙarfen tsantsa kuma ya kula da damina, laima tana sa shi tabo. 'Yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi suna taimakawa.

Lauya_Kongo:
Ƙarin bayani ta fuskar doka. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙasar Najeriya mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Haƙa sai da lasisi daga ofishin Mining Cadastre, saye da sayarwa a matsayin sana'a yana da nasa izinin, fitarwa waje ma haka, daga ma'aikatar ma'adinai. Wanda zai fara tura namu waje, ko ya cika but ɗin mota da duwatsu ya hau hanyar Jos, ya nemi takardunsa tukuna. Dan_Ririwai, ka tabbatar wurin da mutuminka yake aiki yana da izini.

Dalibar_Jiyoloji:
An bar tambayar Yaya Dan_Tudunwada ta biyu ba a amsa ba, wato ko an yi wa dutsen aiki. Ga abin da za ka iya yi a gida. Ka samu madubin hannu mai ƙara girma sau 10, ka bi gindin kowace ƙwaya inda ta haɗu da farin dutsen. In ka ga wani abu mai ƙyalli ya taru a wurin, ko garin dutse da aka barbaɗa don rufe tsaga, gam ne. Sannan ka ari fitilar nan da masu shago ke duba kuɗin jabu da ita, ka kashe wuta ka haska. Gam da yawa suna haske a ƙarƙashinta. Kalsait ma wani lokaci yana haske, to siririn layi a gindin ƙwaya za ka nema, ba hasken dutsen gaba ɗaya ba. Ruwan cire jan farce a kan tsinken auduga yana narka gam yana kuma fito da rini, amma wannan sai da izinin mai kaya, don ƙwayar na iya faɗowa.

Gwajin na'ura, ko a sashenmu a Samaru ko a ɗakunan gwajin hukumar binciken ƙasa da ke Kaduna, zai gaya maka wane ma'adini ne. Ba zai rubuta maka sunan rami ba. Ka kuma shiga shafin bayanan ma'adinai na Mindat ka kwatanta da hotunan na Tsumeb da na sauran wuraren.

Dan_Tudunwada:
Na gode ƙanwata. Na yi yadda kika ce, a gaban dillalin. Babbar ƙwayar lafiya lau take, a jikin dutsen ta tsiro. Amma wata ƙarama a gefe akwai siririn layi mai haske a gindinta. Da na nuna masa ya ce shi ma haka ya karɓa. Na tambayi inda ya samo, ya ce wajen wani mai harkar duwatsu a Jos, shi kuma wai daga Bankok ya zo da shi. Ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, amma ya dage a kan Tsumeb ne.

Malamin_Duwatsu:
Gyara ba abin kunya ba ne in an faɗa, manyan gidajen adana ma'adinai ma suna da duwatsun da aka mayar musu da ƙwaya mazauninta. Abin dubawa, a gurbinta aka mayar da ita, ko daga wani dutsen aka ɗauko aka dasa? Ka duba ko tsagar ta dace da gurbin. In ka saya, ka rubuta gaskiya a katinka: dayoftes a kan kalsait, an ce na Tsumeb ne, ba a tabbatar ba, an gyara ƙwaya ɗaya, da shekarar da ka saya. Har yanzu dai ina ganin kuɗin da sauran suna a cikinsa.

Mai_Awo_SabonGari:
Ni kuma ina nan a kan bakana. Ya rage kuɗi, babbar ƙwayar lafiyayya ce, dutsen ya kwanta maka a rai. Irin wannan ba kullum yake shigowa Zariya ba. In ka tsaya jiran kati, wani zai ɗauka.

Dan_Ririwai:
Da ni ne, rabin kuɗin nan zan ware in bi Wase da Abakaliki in nemi na gida masu kyau, in rubuta komai da hannuna. Na Tsumeb yana hannun dubban mutane a duniya. Kalkofairait na Zurak mai cikakken bayani, wa yake da shi?

Injiniya_Kwangila:
Biyun ba sa hana juna. Amma ka nemi lambar mutumin Jos ɗin ka ji daga bakinsa. In ya ce akwai tsohon kati da ya ɓata a hanya, ka tambaye shi sunan wa ke jiki.

Bako_a_Lubumbashi:
Dan_Tudunwada, kafin ka yanke shawara turo mana hoton bayan dutsen, ba fuskar kaɗai ba, a hasken rana ba na fitila ba. Akwai mai dayoftes na mahaƙar Tantara ta Katanga a nan kusa da ni, shi ma a kan kalsait yake. Zan ɗauko hoton nasa mu jera su, Malam ya duba mana.

Dalibar_Jiyoloji:
Ka ajiye rula a gefensa in za ka ɗauka, Yaya, don a ga girman daidai.